Kartar da Aka Cire wa Sa'a

Puerto Plata, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga matata Eufemia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da yayarki Crucita da maigidanta Anselmo, da fatan sanyin dutse bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gidan ya yi mini girma.

Bayan haka, Femia, wata guda ke nan da kika hau motar Tatán kika tafi Manabao, kuma abin da kika faɗa yana nan a kunnena. Kin ce shekara talatin da ɗoriya kina cin shinkafar da gidan caca ya saya, kin yi shiru saboda aiki ne, amma yanzu da na yi ritaya ba za ki zauna a gidan da ake rabon sa'a a tsakarsa ba. Maganar akuyar maƙwabciyarmu Doña Milagros ce ta kawo wannan, na sani. Ita ta yi kiwo don bikin 'yarta, mijinta ya zo ya ɗora akuyar a kan kati ɗaya a gindin mangwaronmu, ni kuwa na raba. Da ta zo tana kuka na ce mata ni rabawa kawai nake yi, kati ne ya zaɓa. An mayar mata da akuyarta tun a makon, amma ke ba ki dawo ba.

Kin ce in ƙone kartar. Na kai ta har bakin murhu, hannuna ya ƙi saki. Ban iya komai ba sai wannan, tsohuwata. Su ma sauran tsofaffin da muka yi aiki tare a gidan cacar otal, in ba teburin Lahadin nan ba, ba su da inda za su.

To ga abin da ya faru. Shekaranjiya ina zaune bakin teku da safe, sai ga kwalekwale biyu sun dawo. Tare suka fita, ruwa ɗaya, iska ɗaya. Ɗaya ya cika har yana nitsewa, ɗayan ko na miya bai samo ba. Ba wanda ya ce sa'a, kowa cewa yake yi wancan ya san ruwa. Sai wani abu ya faɗo mini a rai, har na miƙe tsaye ban sani ba.

Kin san wasanmu ko da ba ki taɓa riƙe kati ba: kowa na neman ya kusanci ashirin da ɗaya fiye da mai rabo, wanda ya zarce ya ƙone. Abin da ya sa ya zama caca shi ne kowa da katin da ya faɗo masa. To idan na jera karta biyu jeri ɗaya, na ajiye a tebur biyu fa? Abin da ya zo wa wannan shi zai zo wa wancan. Sannan a gwada mutum da takwaransa na ɗaya teburin. Sa'arsu ɗaya, sai a ga wanda ya fi kai. Femia, shekarun nan duka abin yana hannuna ban taɓa ganinsa ba! Na tsaya a wurin ina mamaki har rana ta gasa mini ƙeya.

Na gaya wa kompa Bienvenido, uban baftismar ɗanmu. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kompa, sa'ar da ta ciyar da kai har gashinka ya zube, ita za ka kora daga aiki? Ka tanadar mata kuɗin sallama?" Amma ya ce zai kawo kartarsa.

Tambayata ɗaya ce. Idan na cire sa'a daga cikin wasan, za ki dawo?

Ki gaishe mini da mutanen gida. Allah ya bar mu tare.

Ni ne mijinki,
Radhamés

*

Manabao, 11 ga Fabrairu

Radhamés,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Takardarka ta iso, da tabon man soyayyar kaza a bayanta, ka gaya wa Tatán ya riƙa wanke hannu. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Muna tsinkar gahawa tun da asuba, Crucita na gaishe ka, Anselmo bai ce komai ba.

Gida ya yi maka girma? Ka ɗauki tsintsiya ka share shi, za ka ga ya ƙara girma.

Maganar kwalekwalenka na karanta sau biyu, kuma ba zan ɓoye maka ba, ta tsaya mini a rai. Amma kada ka ɗauke ni yarinya. Mai kamun kifi yana ganin ruwa, yana ganin tsuntsaye, yana jin iska a fuskarsa. Shi wanda ka zaunar a teburinka me yake gani? Katin nan da kake kifewa a gabanka, wanda ba mai sanin ko mene ne sai ka ga dama, shi ne shaiɗanin wasan. Mutum ba ya tunani a kan abin da aka ɓoye masa, rufe ido kawai yake yi ya yi roƙo, kuma ba Allah yake roƙo ba. Ka ba mutum biyu duhu iri ɗaya, ai duhu ne dai. In kana son in yarda, ka buɗe abin da za a iya buɗewa, ka bar wa mai hankali abin da zai kama.

Sannan ba kuɗi a tebur. Ba akuya, ba kaza, ko karan taba ban yarda ba.

Ga amsar tambayarka. In ka nuna mini cewa wanda ya fi tunani shi ke ci, yau da gobe da jibi, to ba caca ba ce, kuma ba ni da abin cewa. In Ista ta zo ba ka nuna ba, zan aiko Anselmo ya ɗauko mini keken ɗinkina, ka san kuwa inda kekena yake nan nake. Ba wasa nake yi ba, tsoho, kuma ban ji daɗin rubuta wannan ba.

Ka daina cin burodi da naman salami a tsaye a kanti. Akwai agada a bayan gida, ka dafa ka kirɓa, ba sai da digiri ake yi ba.

Allah ya tsare.

Eufemia

*

Puerto Plata, 24 ga Fabrairu

Zuwa ga matata Eufemia,

Gaisuwa da fatan alheri, tare da godiya a kan amsarki. Na dafa agadar. Bienvenido ya ɗanɗana ya tambaye ni ko siminti nake gwadawa.

Kin yi gaskiya a kan katin da ake kifewa, na buɗe shi. Amma da muka gwada sai wata matsala ta fito: da zarar mutum ɗaya ya ja kati takwaransa bai ja ba, duk jerin ya goce, tebur biyun sun rabu ke nan har ƙarshe. Kwana da kwanaki ina juya abin, har na samo mafita. Yanzu kowane zagaye da ɗaurinsa daban, an ɗaure da zare. A ɗauri akwai kati goma sha uku na iri ɗaya, daga ɗaya zuwa goma, da masu hoto uku da kowannensu goma ne. Mai rabo zai fara buɗe biyar ya jera a gefe, waɗannan sun fita daga wasa. Sai biyu ga mai wasa, biyu gare shi, duka a buɗe. Saura huɗu a kife. Duk wanda ya kalli tebur ya yi lissafi zai san ko su wane ne huɗun nan, jerinsu ne kawai bai sani ba. Mai rabo zai ƙwanƙwasa tebur sau uku, kafin na ukun mutum ya ce a ba shi ko ya tsaya. Wanda ya ci zagaye ya ɗauki jan wake ɗaya. Da na ga abin ya zauna daram, wallahi tsigar jikina ta tashi.

Ranar Lahadi muka kafa tebur huɗu a gindin mangwaro, mu takwas, duk tsofaffin masu rabo. Huɗu suna rabawa, huɗu muna wasa, ni ma ina cikin masu wasa. Aka gama aka zube wake.

Femia, duk ɗaya ne. Waken mutum huɗu, ba wanda ya fi wani ko da ƙwaya. Zagayen da na ci kowa ya ci shi, inda na ƙone kowa ya ƙone. Muka kewaye teburin kamar an shigo da gawa. Tsoho Leoncio ya cire hularsa ya yi alamar gicciye. Bienvenido ya ce, "Kompa, ko dai ka kashe sa'ar ne ta dawo fatalwa?" Muka sake ɗaura sababbi muka maimaita, abin ya sake fitowa haka.

Doña Milagros ce ta warware mana. Tana leƙe ta saman katanga tana shanya, sai ta ce, "Ku dattawan nan, waɗancan biyar da kuka jera a gefe na ado ne? Tun ɗazu ina kallo, ba wanda ya ko waiwaye su."

Sai a lokacin muka gane. Kin san dokar gidan caca: mai rabo ba shi da zaɓi. In yana da sha shida ko ƙasa da haka dole ya ja, in ya kai sha bakwai dole ya tsaya, ko da ya san zai faɗi. Abin da muka yi ke nan mu huɗu, alhali muna kujerar mai wasa, ba mai hana mu komai. Hannu ya riga kai. Ba wanda ya zaɓi komai a cikinmu, dokar otal ce ta yi wasa a tebur huɗu.

Akwai wani abin kuma. Da muka tashi, kowannenmu ya tafa sau ɗaya ya buɗe tafin hannunsa sama, yadda muke yi wa masu leƙenmu ta madubin rufi don su ga ba mu ɗauki komai ba. Tsofaffi takwas suna nuna wa ganyen mangwaro hannu. Doña Milagros ta yi dariya har zanin da take shanyawa ya faɗi ƙasa. Ni ban yi dariya ba, tsoro ne ya kama ni, da mamakin yadda aiki ke shiga jikin mutum ya zauna.

Ban san ko wannan ya nuna wasan ya yi ko bai yi ba. Na dai rubuta miki yadda aka yi.

Ki gaida kowa. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Mijinki,
Radhamés

*

Manabao, 4 ga Maris

Radhamés,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, ruwa ya hana mu shanya gahawa kwana biyu.

Na karanta takardarka a bakin murhu, na yi dariya har Crucita ta fito da gudu ta zaci rina ce ta harbe ni. Tsofaffi takwas da mangwaro! Na so a ce ina tsaye kusa da Milagros.

Daga baya dariyar ta ƙare. Ni ai na san hannun nan tun kafin ka san shi. Rigar da za ka sa ran Lahadi ni ke zaɓa. Da aka ce mu sayi gidan nan ko mu koma Santiago, cewa ka yi duk abin da ya fito. Sunan ɗanmu ma sai da na gaji da jira na raɗa da kaina. Ina ce haƙuri ne da kai, ina ma yi wa ƙawayena alfahari. Ranar da na fito da akwatina, ka san abin da ka yi? Ka tsaya a ƙofa ka buɗe mini tafin hannunka. Ba ka ce in tafi ba, ba ka ce in zauna ba. Har muka wuce gadar garin ina jiran in ji ka biyo motar. Wannan ya yi mini ciwo fiye da akuyar Milagros, gara ka sani.

Wasanka bai nuna komai ba tukuna, sai dai ya nuna ku. Ka nemo mutanen da ke yanke shawara tun safe har dare. Ka zaunar da Milagros, ita da ke sayen tumatir a kasuwa ta san wanda zai kai gobe. Ka nemo mai kwalekwalen nan da ya cika, har da wanda bai cika ba.

Kuma ka aiko mini da nawa. Tunda ka ce jeri ɗaya ne, ai ba sai muna gari ɗaya ba. Bienvenido ya jera kashi biyu, kai kada ka gani. Ka yi naka a can, in yi nawa a nan, Crucita za ta raba mini a rumbun gahawa. Ba zan yanke hukunci a kan abin da ban taɓa da hannuna ba. Ka naɗe shi cikin tsumma ka ce wa Tatán maganin gwiwa ne, don in ya sani, kafin ya kashe mota Fasto ya ji.

Allah ya tsare.

Eufemia

*

Puerto Plata, 19 ga Maris

Zuwa ga matata Eufemia,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ruwa ya ɗauke, gahawa ta bushe. Ga maganin gwiwarki nan, ɗauri takwas, an yi wa kowanne lamba. Bienvenido ne ya jera su a ɗakinsa ya kulle ƙofa, ni ina waje. Na yi nawa ranar Lahadi. Ba zan gaya miki yadda ta kaya ba sai kin yi naki.

Na bi shawararki. Lahadi biyu ke nan tsakar gidanmu cike, safe da yamma. Mu tsofaffi muka koma rabo, muka zaunar da Doña Milagros da mijinta Chepe, da Tiburcio mai kwalekwalen nan da ya cika, da duk wanda ya shigo. Muna sauya musu kujeru, muna sauya ɗauri, don kada a ce tebur ne. Kowane karo Milagros da Tiburcio ne a sama, wani lokaci ita, wani lokaci shi. Chepe kuwa yana can ƙasa kamar an ɗaura masa dutse.

Femia, ban san yadda zan kwatanta miki abin da nake gani ba. Dubban mutane sun zauna a gabana a otal, na ɗauka na san fuskar ɗan Adam, ashe jira kawai nake gani a fuskokinsu. A nan kuwa halin mutum ke fitowa fili. Tiburcio yana kallon biyar ɗin gefe, leɓensa na motsi, ba ya magana sai ƙwanƙwasa ta uku. Milagros tun ta farko ta gama, sauran lokacin kallon mijinta take yi. Shi Chepe yana ganin manyan kati ne suka rage, ya san zai ƙone, amma ransa ba ya barinsa, sai ya ce a ba shi. Da ya ƙone ya fara cewa yau ba ranarsa ba ce, sai Milagros ta ce, "Wace rana? Katin da ya ƙone ka shi na bari ya ƙone Leoncio da ke raba mini. Ranarka lafiyarta lau, kai ne dai." Mutane suka fashe da dariya. Chepe ya rasa inda zai ajiye laifin.

Ni da na ƙirƙiro abin, tsayawa nake yi ina kallo kamar ba ni na yi ba. Takardu ne fa goma sha uku da zare.

Maganar ƙofa na karanta. Na ajiye takardar na fita na zaga unguwa, na dawo na sake karantawa. Ba ni da amsar da ta isa in sa a takarda tukuna.

Ki gaya wa Crucita ta ja a sha shida, ta tsaya a sha bakwai, ita ba ruwanta da tunani. Allah ya ba da sa'a nake shirin rubutawa, sai na tuna.

Mijinki,
Radhamés

*

Manabao, 27 ga Maris

Radhamés,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Lafiya muke, ban da ni, raina a ɓace yake, kuma kai ka ja.

Jiya da rana, da Anselmo ya tafi gona, muka shiga rumbu muka kifa kwando muka yi tebur. Crucita ta riƙe katin da yatsa biyu kamar ta ɗauko ɓera, tana ta cewa, "Ubangiji ka gani, ita ta sa ni." Na ce mata, "Raba, Yaya, in ma zunubi ne a kaina yake." Kafin mu kai ɗauri na uku ita ce ke ce mini in yi sauri.

Abin ya zo mini da sauƙi, har na ji tsoro. Ina duba na gefe, ina cirewa, sai in ga huɗun da ke kife kamar an buɗe mini su. A ɗauri na huɗu ina da sha biyu kacal na tsaya, don na ga manya ne suka rage, Crucita ta ja ta ƙone. Na ji wani abu ya tsarga mini tun daga ƙafa har ka. Ashe haka abin yake! Na ce a raina, mutumin nan da ba ya iya zaɓen riga, shi ya haɗa wannan?

Sai ɗauri na takwas. Ka san shi, ai irinsa ka samu. A gefe masu hoto biyu, da tara, da takwas, da biyar. Crucita tana da sarki da shida, wato sha shida. Ni goma da bakwai.

Ta ƙwanƙwasa kwando sau ɗaya, na ji bakina ya ce, "Na tsaya." Ban duba gefe ba, ban lissafa ba. Sha bakwai kawai na gani. Ta ja kati, huɗu ce, ta yi ashirin ta cinye ni.

Sai da ta miƙa hannu za ta tattara na ce ta dakata, na duba. Ɗaya, biyu, uku da huɗu ne suka rage. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai ƙone ni. Tsayawar ce kaɗai hanyar faɗuwa, kuma ita na ɗauka da gudu. Na zauna a kan buhu ina kallon katunan nan, bakina a buɗe. Crucita ta ce, "Ke, lafiya? Wake ɗaya ne fa." 

Ban taɓa shiga otal ɗinku ba ko sau ɗaya. Amma shekara talatin ina jin lambar nan a kan abinci, a bakinka da na abokanka, ina wanke fararen rigunanka ina goge su. Na zauna a nan ina yi muku dariya, ashe ni ma tana jikina. Na nemi wanda zan ɗora wa, na rasa. Ba kati ba ne, ba rana ba ce, ni ce. Ban taɓa faɗuwa mai tsabta irin wannan ba, kuma ba ta da daɗi ko kaɗan.

Don haka ga hukuncina, tunda na yi alkawari: wannan ba caca ba ce. Amma ban ce ga ni nan ba. Ina son in san abu ɗaya. Da ɗauri na takwas ya zo gabanka, me ka yi? In kai ma tsayawa ka yi, to ka haɗa wasa mai kyau ga su Milagros, amma gidan da na bari shi zan tarar. Ka faɗa mini gaskiya, don zan tambayi Bienvenido, shi kuwa ba ya iya yi mini ƙarya.

Allah ya tsare.

Eufemia

*

Puerto Plata, 1 ga Afrilu

Femia,

Gaisuwa. Tatán na jira a waje da mota a kunne, ki yi haƙuri da rubutun.

Bienvenido ne ya raba mini. Da na ga goma da bakwai, hannuna ya tashi da kansa zai yi alamar tsayawa. Na kama shi da ɗayan hannun na danne a cinya, kowa na kallo. Ƙwanƙwasa ta farko na duba gefe. Ta biyu na gama lissafi, na san ba abin da zai ƙone ni. Na sani sarai, amma ji nake kamar za a kira ni ofis a kore ni.

Bienvenido ya ɗaga yatsa zai yi ta uku, ya rage murya ya ce, "Kompa, sha bakwai ce fa."

Na ce, "Na gani. Ba ni."

Muryar ma ba tawa ba ce. Ya ɗauko katin a hankali, don bai taɓa miƙa wa ɗayanmu kati a kan wannan lamba ba. Ya juya ta, huɗu. Leoncio ya yi ihu, Milagros ta buga tebur har wake ya watse. Ni dai na zauna ina kallon ashirin da ɗayan nan. Na raba ta ga mutane ba iyaka, wannan ce ta farko da na nema da bakina. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Ki tambayi Bienvenido, zai ƙara miki da abin da ban faɗa ba.

Ki dawo gida, Femia. Ba don hukuncinki ya fito daidai ba. Ni nake so ki dawo.

Mijinki,
Radhamés

*

Manabao, 4 ga Afrilu

Tsoho,

Gaisuwa. Ba sai na tambayi kowa ba.

Layinka na ƙarshe na yi ta karantawa har Crucita ta ce zan huda takardar da ido.

Na je wa Fasto da kaina na gaya masa komai. Ya ce zai yi addu'a a kai. Na ce ya yi, in kuma ya sauko gari wata Lahadi ya biyo bayan sujada ya gani da idonsa, akwai kujera.

Asabar, motar safe. Bienvenido ya jera sababbi, a sa teburina yana kallon naka, don ba mu gama ba ni da kai. Ka zo tasha da kanka. Ina da buhun gahawa, gwiwata ba za ta ɗauka ba.

Sai na iso.

Matarka,
Femia